Kyamara Ta Shiga Aljihu, Masu Ƙera Ta Sun Shiga Uku

 Hirar tamu ta yau a kan hoto ce, da na'urar ɗaukar sa, da kamfanonin da suka yi arziki da ita, waɗanda yau wasunsu ke jinya, wasu kuma tuni aka tashi daga zaman makokinsu. Mai yi muku wannan bayani ba mai hoto ba ne na sana'a. Ba ni da shago, ba a kira na biki a biya ni. Sha'awa ce kawai take sa in rataya kyamara a wuya in shiga gari ranar da babu aiki, ita ce kuma ta sa nake bibiyar labarin masu ƙera ta.

Bari mu fara da lissafi. A ƙasar Japan akwai ƙungiyar kamfanonin kyamara da ake kira CIPA, wadda Canon da Nikon da Sony da sauransu ke ciki, ita ce ke bayyana yawan kyamarorin da suka fitar kasuwa kowace shekara. A 2010 sun fitar da kyamarar dijital kimanin miliyan 121. A 2019 adadin ya dawo wajen miliyan 15. A 2023 bai kai miliyan 8 ba. Wato sama da kashi 90 cikin 100 na cinikin ya salwanta. Abin mamakin kuwa, a cikin waɗannan shekarun ne ɗan Adam ya ɗauki hotunan da bai taɓa ɗaukar kwatankwacinsu ba. Mai shayi yana ɗauka, tsohuwa tana ɗaukar jikanta, ɗalibi yana ɗaukar allo don kada ya sha wahalar kwafa, tela yana ɗaukar ɗinki ya tura wa mai kaya. Son hoto bai ragu ba ko kaɗan, kyamarar ce aka daina saye.

Wanda duk zai ba da wannan labari, dole ya faro daga Kodak. Wani Ba'amurke mai suna George Eastman ne ya kafa shi a garin Rochester na jihar New York. A 1888 ya fito da wani ɗan akwati, dala 25, da fim ɗin hoto 100 a cikinsa. In ka gama ɗauka sai ka aika da akwatin ɗungurungum zuwa masana'anta, su wanke, su buga maka a takarda, su sa sabon fim, su dawo maka da kayanka. Tallarsu ma abin da take cewa ke nan, kai dai ka danna, sauran aikin nasu ne. A 1900 suka fito da wata mai suna Brownie, dala ɗaya tak. To a nan dabarar take, masu sauraro. Kyamarar an ba ka ita kusan kyauta, amma daga ranar ka zama mai sayen fim har tsufanka, ka biya kuɗin wanki, ka biya kuɗin takarda, kuma fim ɗin da ruwan wankin da takardar duk na Kodak ne. Da wannan suka rayu shekara ɗari cikin daula, har a 1988 ma'aikatansu suka kai wajen 145,000.

A cikin gidan Kodak ɗin ne kuma aka haifi abin da ya kayar da shi. A 1975 wani matashin injiniyansu, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne, dishi-dishi, sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto guda a kan kaset irin na rediyo, sannan a kalle shi a talabijin. Ya nuna wa manya, suka yaba da basira, amma ba su ɗauki abin da zafi ba.

Galibi a nan ake tsayawa a yi wa shugabannin Kodak dariya, a ce wawaye ne, arziki ya zo har gida sun kore shi. Ni ban yarda da wannan hukunci ba. Kodak bai yi barci ba. A 1991 ya fitar da kyamarar dijital ta 'yan jarida, a kan gangar jikin Nikon. A tsakiyar shekarun 2000 yana sahun gaba wajen sayar da ƙananan kyamarorin dijital a Amurka. Matsalar ita ce, kyamarar dijital sau ɗaya ake saye, ribarta kuma ƙalilan ce, don kamfanonin Asiya sun cika kasuwa da irinta. In mutum ya saya, shi ke nan, ba zai dawo mako mai zuwa neman fim ba. Ko da sun rungume ta tun ranar da Sasson ya nuna musu, ba za ta ciyar da mutum 145,000 ba.

Inda nake ganin sun yi kuskure na gaske shi ne wani wuri daban. A 2001 sun sayi wani kamfanin intanet mai suna Ofoto, inda mutane ke ɗora hotunansu 'yan'uwa su gani. Wannan fa shekara uku ke nan kafin a kafa Facebook. Sai suka mai da shi hanyar jawo mutane su biya a buga musu hoto a takarda. Idonsu na kan takarda, alhali abin da mutane ke so shi ne a ga hotonsu, a yau, ba sai gobe ba. A watan Janairun 2012 Kodak ya garzaya kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. A watan Afrilun shekarar Facebook ya sayi Instagram, mai ma'aikata 13, a kan dala biliyan ɗaya. Shi kuwa wancan dandali na Kodak, a shekarar aka sayar da shi a kan abin da bai kai dala miliyan 24 ba. Kodak dai yana nan da ransa har yau, yana yin fim da kayan ɗab'i, amma ƙananan kyamarorin da kuke gani da sunansa a kasuwa, wani kamfani ne ya yi hayar sunan.

Babban abokin hamayyarsa, Fujifilm na Japan, ruwan da ya ci Kodak shi ma ya iske shi, sai dai ya iya iyo. Shugabansa na lokacin, Shigetaka Komori, ya sa injiniyoyinsa suka zauna suka tantance abin da suka iya, ba abin da suke sayarwa kaɗai ba. Sai ga shi sun ƙware wajen shimfiɗa sinadarai a kan leda siririya ba tare da kuskure ba, suka koma yin ledar da ake sa wa a allon talabijin da kwamfuta. Sun san sirrin sinadarin kolajin, wanda daga gare shi ake samun danƙon da ke jikin fim, shi ne kuma ke cikin fatar mutum. Sun kuma daɗe suna binciken yadda za a hana launin hoto koɗewa. Da wannan ilimi suka fito da man shafawa mai suna Astalift a 2007. Suka shiga harkar magunguna da na'urorin asibiti. Ba a yi haka da daɗi ba, an sallami dubban ma'aikata. Amma kamfanin ya tsira, har yau yana ƙera kyamarori masu kyau, kuma wani abin dariya, daga cikin kayansa da suka fi shiga akwai Instax, 'yar kyamarar nan da ke tofo hoto a takarda nan take, wadda matasa ke rububi.

Olympus ne ya fi taɓa zuciyar masu sha'awa irina, saboda ƙananan kyamarorinsa marasa nauyi masu jure ƙura da yayyafi. Tun 1936 yake ƙera kyamara. A 2011 sabon shugabansa, ɗan Ingila Michael Woodford, ya tambayi ba'asin wasu maƙudan kuɗi da aka kashe, aka tsige shi, shi kuma ya fasa ƙwai. Ta bayyana cewa shekara da shekaru manyan kamfanin suna ɓoye asarar da ta kai kimanin dala biliyan 1.7. Kamfanin ya farfaɗo, don dama ƙarfinsa na cikin na'urar da likitoci ke zura wa mutum su leƙa cikinsa. Sashen kyamara kuwa ya yi ta cin kuɗi ba ya kawowa, har a 2020 suka sanar da sayar da shi, bayan shekara 84. Yanzu da sunan OM System ake yin ta.

Sauran kuwa sai dai a jero su. Minolta ta haɗe da Konica, a 2006 suka miƙa wa Sony harkar kyamara suka fita. Pentax ya koma hannun Hoya, daga nan ya koma hannun Ricoh a 2011. Polaroid ya karye a 2001. Casio ya daina ƙananan kyamarori a 2018. Samsung ya janye shiru ba sallama. Nikon ya rufe masana'antarsa ta garin Wuxi a Sin a 2017, ya kuma faɗa da bakinsa cewa wayar hannu ce ta cinye kasuwar.

To mu zo kan wayar. Tun wajen shekarar 2000 aka fara sayar da waya mai kyamara a Japan, iPhone kuma ta fito a 2007. Hotunan farko abin tausayi ne, masu kyamara suna kallo suna murmushi. Suna da hujja kuwa, don a ilimin haske waya ba ta isa ta ja da kyamara ba. A cikin kowace na'urar hoto akwai wani ɗan faranti da haske ke sauka a kai, shi ne ya maye gurbin fim. Na babbar kyamara faɗinsa milimita 36 ne a kan 24. Na yawancin wayoyi bai wuce farcen ƙaramin yatsa ba. Ku ɗauka ana ruwan sama, wani ya fito da daro, wani ya fito da kofin shayi. Kowa ya san wanda zai tara ruwa. Abin da masu waya suka yi shi ne, tun da kofi gare su, sai suka riƙa tarawa suna juyewa suna sake tarawa. Lokacin da ka danna sau ɗaya, wayar hotuna da yawa take ɗauka cikin ƙiftawar ido, wani da haske, wani da duhu, sai kwamfutar da ke cikinta ta haɗe su, ta share dusar da ke jiki, ta gyara launi, ta ba ka guda ɗaya. Masu kyamara suna ta goge gilashi, masu waya suna rubuta manhaja.

Amma ko wannan ba shi ne ya yanke hukunci ba. Tun hoton waya yana da muni mutane suka koma mata, saboda tana aljihu a koyaushe, kuma hoton da ta ɗauka a Zariya yana isa Jidda kafin a gama gaisawa. Mu da ke riƙe da kyamara mun san wahalar da muke sha. Ka ɗauki hoto, ka dawo gida, ka zare katin memori, ka nemi kwamfuta, ka nemi wuta, ka juye, ka tura wa waya, sannan ka aika. Kafin nan an gama bikin, an gama yaɗa hotunan waya, naka ya zama tsohon labari. Da kamfanonin suka farga suka sa wa kyamarorin hanyar haɗuwa da waya, sai suka yi ta da wahala, ka yi ta fama tana yankewa. Wannan laifinsu ne, ba na kowa ba, shi ya sa tausayina gare su yake da iyaka.

Kada kuma a ɗauka duka aka yi asara. Sony ne ke kan gaba a duniya wajen ƙera wancan faranti na cikin wayoyi, har da na iPhone, don haka duk inda ciniki ya karkata yana da rabo. Leica na Jamus ya ba Huawei sunansa da iliminsa a 2016, daga baya ya koma wa Xiaomi. Zeiss yana tare da Vivo, Hasselblad ya taɓa shiga wayoyin OnePlus. Sunayen da a da sai mai hannu da shuni ke riƙe su, yau ga su a bayan waya.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafe mu kai tsaye, mu baƙar fata. Duk wanda ya buɗe tsohon albam na hotuna masu launi zai lura da wani abu: farar riga ta fito tas, bango ya fito, amma fuskar mai rigar ta dushe, sai ido da haƙora. Ba laifin mai hoton unguwa ba ne kaɗai. Shekaru da dama, katin gwajin da Kodak ke raba wa masu wankin hoto don su daidaita injinansu, hoton farar mace ne a jiki, ana kiran sa katin Shirley. Da fatarta ake auna kowa. Wata mai bincike 'yar Kanada, Lorna Roth, ta bi diddigin lamarin, ta nuna cewa daga cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin har da koken masu sayar da kayan katako da masu cakulan, waɗanda suka ce kayansu ba sa fitowa da launinsu a talla. Sai a shekarun 1990 aka fito da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Ku dubi wannan, sannan ku dubi Transsion, kamfanin garin Shenzhen na ƙasar Sin mai yin Tecno da Infinix da itel. Shi da gangan ya daidaita kyamarar wayoyinsa don fuskar baƙin mutum ta fito sarai, ya haɗa da layi biyu da batir mai daɗewa, ya zama shi ne ya fi kowa sayar da waya a Afirka. Google ma sai a 2021 ya fito da nasa gyaran a wayar Pixel 6. Manyan kamfanonin hoto sun yi shekara ɗari ba su ɗauke mu abokan ciniki da za a zauna a yi wa tunani ba, mai waya ya zo ya ɗauke mu.

Sai dai fa wayar tana da nata halin. Tun da kwamfuta ce ke haɗa hoton, wani lokaci takan wuce gyara ta shiga ƙari. Da yawa daga cikin wayoyin nan, in ba ka kashe abin ba, sai su goge maka fuska sumul, su ƙara mata haske, har mutum ya fito kamar ya yi shafe-shafe. Yarinya ta saba ganin kanta haka a waya, ta dubi madubi ta ga kamar an rage mata wani abu. A 2023 an yi ce-ce-ku-ce a kan wayoyin Samsung, bayan wani ya dusashe hoton farin wata a allon kwamfuta, ya koma nesa ya ɗauke shi da waya, sai ga hoton ya fito da ramuka da zane-zanen da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa manhajar tana gane wata ne ta ƙara masa fitowa. To in ana iya yi wa wata haka, me zai hana a yi wa wani abin? Shi ya sa a shekarar Leica ya fito da kyamarar da ke sa wa kowane hoto hatimin da ke shaida inda ya fito da gyaran da aka yi masa, wasu kamfanonin kuma suka bi sahu. Wataƙila nan gaba aikin kyamara ya zama shaida, a hannun ɗan jarida da mai bincike.

Akwai kuma wuraren da har yau waya take miƙa wuya. Je ka Hawan Daushe a Kano, ka tsaya cikin taro a Ƙofar Kudu lokacin da mahaya suka sako dawakai za su yi jahi. Doki na gudu, ƙura ta tashi, rana ta yi sanyi, kai kuma kana nesa. Ɗaga waya ka ja hoton da yatsu biyu, abin da za ka samu dambu ne. Waya siririya ce, ba ta da wurin da za a sa dogon gilashi, yawancin jan da take yi yanke hoton kawai take yi ta kumbura shi. Mai kyamara da gilashi mai milimita 200 kuwa zai fito maka da kumfar bakin dokin da zaren alkyabba. Haka wajen tsuntsaye, da ƙwallo, da ɗakin taron da ba haske. Masu ɗaukar biki da masu shirya fim ba don ado suke ɗauke da manyan kyamarori ba.

A kan waɗannan mutane kamfanonin da suka rage suke rayuwa yanzu. Sun bar wa waya talaka, sun koma sayar da kaɗan da tsada. Sun kuma sauya fasali: tsohuwar babbar kyamara tana da madubi a ciki, mai ɗagawa ya yi ƙara duk lokacin da aka danna, sabuwar kuwa ba ta da shi. Panasonic ya fara a 2008, Sony ya kankane fagen daga 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira ko sefa, farashin sababbin nan sai dai kallo.

Amma sauyin ya zo mana da alheri ta bayan gida. Ƙwararru a Turai da Amurka suna ta sayar da masu madubin, suna shigowa kasuwanninmu a matsayin na hannu, kuma kyamarar da ta ɗauki hoton mujalla shekara goma da suka wuce ba ta manta aikinta ba. In za ka saya, ƙanena, ka sa a duba maka sau nawa aka danna ta, don labulen da ke buɗewa ya rufe a cikinta yana da iyakar kwana, kuma kyamarar tana riƙe da lissafin. Ka cire gilashin ka haska shi da tocila. In ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, funfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Ka ɗauki hoton farin bango ko sararin sama ka duba ko akwai ɗigo-ɗigon da ba sa gushewa. Ka tabbata ana samun batirinta da cajarta a gari. In kuɗinka ba su da yawa, ka rage a gangar jiki ka ƙara a gilashi. Ɗan gilashin nan mai milimita 50 yana cikin mafi araha, kuma hoton fuska da yake fitarwa sai ka rantse a situdiyo aka yi. Da hunturu kada ka sauya gilashi a fili, ka shiga ɗaki ko mota. Da damina kada ka kulle ta a jaka ka manta, ka sa mata 'yan ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. In kuwa hoton iyali da na kayan sana'a kawai kake so, riƙe kuɗinka. Goge idon wayarka da gefen riga, ka juya mutum ya fuskanci haske, ka matsa kusa da ƙafarka, ka ga bambanci.

Wanda ba a cika tunawa da shi a wannan labari ba shi ne mai hoton unguwa, wanda ke yawo ranar Sallah da kyamara a wuya, yara sun sha kwalliya suna bin sa, ya ɗauka, bayan kwana biyu ya dawo da hotuna a ambulan. Shi babu kotun da ta ba shi kariya daga masu bin sa bashi. Wasunsu sun koma hoton fasfo, wasu sun koyi bidiyo da gyaran hoto a kwamfuta sun ci gaba, wasu sun bar sana'ar. Tare da su wani ladabi ya tafi. Mai hoto sai an kira shi, sai an shirya, sai an ce ya ɗauka. Yau kowa mai hoto ne, ba mai neman izini. A yi haɗari a hanya, kafin a sami mai ɗaukar wanda ya ji rauni an sami goma masu ɗaukar hotonsa, har uwa ta ga gawar ɗanta a waya kafin a zo mata da labari. A shiga wurin kamu ko wunin mata a ɗauki matan mutane a watsa. Don Allah jama'a, a tambaya kafin a ɗauka, a sake tambaya kafin a tura.

Abu na ƙarshe da ya fi damuna shi ne ajiya. Malick Sidibé, mai hoton birnin Bamako da ya rasu a 2016, ya ɗauki samari da 'yan matan garinsu a shekarun 1960 da 1970, ya jera nagetif ɗinsu a kwalaye a shagonsa. Shekaru bayan haka aka buɗe kwalayen, duniya ta gani, har aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice a 2007. Kwali ne kawai da inuwa suka riƙe masa aikinsa. Mu fa? Hoton sunan ɗanka yana cikin wayar da aka sace, ko wadda ta faɗa ruwa, ko wadda aka yi wa filashin a wurin gyara. Wanda ya rage a WhatsApp an matse shi, in ka buga shi babba sai ya farfashe; in kana son ya isa da ƙarfinsa, ka tura shi a matsayin fayil. Masu cewa nasu na ajiye a Google, ku sani gigabayit 15 ne kyauta, tun watan Yunin 2021 aka daina ajiyar hoto marar iyaka, kuma kamfanin ya sanar cewa yana iya goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Mutum nawa ne cikinmu yaron shagon waya ne ya buɗe musu imel, ba su san lambar sirrin ba, ba su ma san sunan imel ɗin ba? Ranar da wayar ta tafi, ta tafi da komai.

Don haka ku nemi imel ɗinku da lambar sirrinsa yau, ku rubuta a takarda ku adana inda kuke adana takardun gida. Hotunan da kuke ji da su su kasance a wuri biyu aƙalla, a waya da kuma filashi ko kwamfuta, kuma a riƙa juye su a sabon filashi bayan 'yan shekaru, don shi ma yana lalacewa. Sannan duk shekara, ko bayan Sallah ne, ku zaɓi ashirin ko talatin ku kai a buga muku a takardar hoto ta gaske, ku rubuta sunayen mutanen da shekarar a baya, ku sa a albam nesa da rana da danshi.